Yadda Ake Bin Sawun Ruruwar Yaƙin Biyetnam da Auna Asarar Rayukan da Ya Jawo

Ɗalibin da yake so ya fahimci yadda Amurka ta nutse a yaƙin Biyetnam da sunan hana yaɗuwar kwaminisanci, bai kamata ya fara daga ranar da dakarunta suka sauka ba, domin wutar ta daɗe tana ci kafin harshenta ya bayyana.

Mataki na farko shi ne a koma shekarar 1954, lokacin da mayaƙan Ho Chi Minh, jagoran 'yan kwaminis na Biyetnam, suka fatattaki Faransa a Dien Bien Phu, sannan taron Janeba ya raba ƙasar gida biyu, Arewa a hannun 'yan kwaminis, Kudu kuma a hannun gwamnatin da Amurka ke mara wa baya. A shekarar ce Shugaba Eisenhower ya bayyana tsoronsa cewa idan ƙasa ɗaya ta faɗi, maƙwabtanta za su bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan tsoro ne aka riƙa kafa hujja da shi a duk ƙarin da aka yi daga baya.

Mataki na biyu, a ja layi a takarda, a jera shekaru a gefe guda da adadin sojojin Amurka a ɗaya gefen. A 1960 masu ba da shawarar soja ba su kai 1,000 ba, amma a ƙarshen 1963 sun haura 16,000 a zamanin Shugaba Kennedy. A ƙarshen 1965 adadin ya kai kimanin 184,000, sannan ya kai ƙololuwa a watan Afrilu na 1969 da kusan 543,000.

Mataki na uku, wanda ya fi buƙatar natsuwa, shi ne a rubuta dalilin da aka bayar a gaban kowane ƙari. A watan Agusta na 1964 aka ce an kai wa jiragen ruwan yaƙin Amurka hari sau biyu a Mashigin Tonkin, kuma cikin 'yan kwanaki majalisar dokoki ta sakar wa Shugaba Johnson mara ya yi amfani da ƙarfin soja, sanatoci biyu ne kacal suka ƙi amincewa. Daga baya ya tabbata cewa hari na biyun, na ranar 4 ga wata, bai faru ba. A watan Maris na 1965 aka fara ruwan bama-bamai a kan Arewa, aka kuma sauke sojoji 3,500 a Da Nang, wani birni a Kudu, domin gadin sansanin jiragen da ke kai harin. Mai nazari zai lura cewa kowane mataki ne ya haifi na gaba: jirage suna buƙatar masu gadi, masu gadi suna buƙatar masu sintiri, kuma da gawarwaki suka fara komawa gida, janyewa ta zama abin kunya a idon 'yan siyasa.

Mataki na huɗu shi ne ƙidayar mamata, kuma a nan wajibi ne a tambayi wanda ya yi ƙidayar kafin a karɓe ta. Amurka ta rasa sojoji 58,220, an kuma sassaƙa sunayensu a bangon tunawa da ke Washington. Sojojin Kudancin Biyetnam da suka mutu an kiyasta su tsakanin 200,000 da 250,000, Koriya ta Kudu kuwa, wadda ta tura sojoji don taya Amurka yaƙi, ta rasa sama da 5,000. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce mayaƙan ɓangarenta na 'yan kwaminis kimanin miliyan 1.1 ne suka mutu, tare da farar hula kusan miliyan 2, ko da yake wasu masana suna kawo adadin da bai kai haka ba. A ganina, rahotannin fagen daga na wancan zamani su ne suka fi cancantar a yi taka-tsantsan da su, saboda rundunar Janar Westmoreland, kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam, tana auna nasara ne da yawan gawar abokan gaba, abin da ya buɗe ƙofar ƙarin gishiri da kuma lissafa talakan ƙauye a matsayin mayaƙi. Rahoton farko kan farmakin da sojojin Amurka suka kai ƙauyen My Lai ya nuna an yi nasara a kan mayaƙa, alhali a ranar 16 ga Maris 1968 ɗaruruwan mutanen ƙauye ne aka kashe, galibinsu mata da yara da tsofaffi.

Mataki na ƙarshe, kada a rufe lissafin da yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris ta Janairun 1973, ko da faɗuwar Saigon, babban birnin Kudu, a ranar 30 ga Afrilu 1975. A saka dubban ɗaruruwan da suka tsere ta teku a ƙananan kwale-kwale, da iyalan da gubar Agent Orange, wadda aka fesa domin kaɗe ganyen daji, ta nakasa. A saka maƙwabtan da yaƙin ya tsallaka cikinsu, wato Kambodiya da kuma Laos, inda aka jefa sama da tan miliyan 2 na bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, kuma har yau waɗanda ba su fashe ba suna tashi da manoma a gona da yara a wurin wasa.