Darasi na 6: Ɗaura gajeren mariƙin lamba a bayan babur

Yau aikin hannu za mu yi. Kun san dogon madigadin robar nan na bayan babur, mai ɗauke da lamba da sigina biyu da 'yar fitilar lamba, to shi za mu kwance mu sa gajere na ƙarfe wanda ake saya a shagon kayan babur. Kar gabanka ya faɗi, in dai ka iya ɗaure noti za ka iya wannan.

Nemo sifana lamba 10, duba jikinta za ka ga 1 da 0 a rubuce, ita ce. Sai alanki, salatef na takarda, biro, da kwanon zuba notika don kar su ɓace a ƙasa.

Kafe babur, kashe shi, zare makulli, cire kujera. Batir yana da kai biyu, ɗaya da alamar + ɗaya da alamar −. Mai − ɗin, wato ɗan layi guda a kwance, shi ake fara kwancewa, saboda ko sifana ta taɓa ƙarfen babur wuta ba za ta yi tartsatsi ba.

To ga inda kusan kowa ke faɗuwa, ku natsu. A ƙarƙashin kujera akwai wayoyin da suka tafi baya, na siginar hagu, na siginar dama, da na fitilar lamba. KAR KA ZARE KO ƊAYA tukuna. Fara ɗaukar hoto da wayarka. Sannan ka yanki salatef ka rubuta H ka naɗa a na hagu, ka rubuta D ka naɗa a na dama, ka rubuta L a na lamba. Harafi uku ne kacal kuma duk mun koye su. A naɗa a gefe biyu na soket ɗin, ba gefe ɗaya ba.

Wane ne hagu? Hagun wanda ya hau babur yana kallon gaba. In ka juya kana fuskantar baya kana aiki, hagunka ya zama daman babur, nan ne kai ke rikicewa. Hau ka zauna, ɗaga hannun hagu, gefen nan shi ne H. Sake yi. Ba abin kunya ba ne ka hau sau uku.

Kuma kar ka ce ai kala za ta nuna min. A Honda ruwan lemo hagu ne, shuɗi mai haske dama, amma wani kamfanin kalarsa daban, sabuwar siginar ma sau da yawa wayoyinta na hagu da na dama iri ɗaya ne sak. Salatef kafin zarewa. Na faɗa a aji har muryata ta dishe, amma wancan makon wani ya zare duka a lokaci ɗaya wai zai tuna, bai tuna ba, ya kunna hagu dama ta kama. Haba jama'a! Ka ba da siginar hagu ka karya dama, mai motar da ke bayanka fa? Da rai ake wasa? A rubuta, a naɗa, sannan a zare, kuma robar soket ake riƙewa ba wayar ake fizga ba.

Sauran mai sauƙi ne. Kwance notikan tsohon, ɗora sabon a ramukan, sa wosha, sai duk sun shiga za ka ɗaure tamau. Sai ka haɗa wayoyin, H da H, D da D, L da L.

Mayar da batir, gwada hagu, dama, danja, fitilar lamba. In sabuwar siginar LED ce tana ƙiftawa da sauri, kai wa mai rewaya ya canja filasha, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa.

Goya mutum ka duba taya ba ta taɓa lamba ba, kuma lambar ta karantu daga baya don 'yan rodi sefti. Da damina bayan rigarka zai sha laka, wannan kam ka sani.