Yadda Ake Zaɓen Karen da Zai Zauna Lafiya da Yara

Yawancin masu neman kare a garuruwanmu gadi suke so, shi ya sa da sun je wurin mai sayarwa sai su ce a nuna musu wanda ya fi zafi. Daga nan matsala take farawa. Gidan da ke da ƙananan yara masu guje-guje da ihu da jan wutsiya ba ya ɗaukar kare mai saurin fushi. Haushi kawai ɓarawo yake ji ya sauya hanya, kuma kusan kowane kare zai yi haushi idan aka taɓa ƙofa da tsakar dare.

Fara da irin karen, amma kada ka ɓata lokaci a kansa. Idan wannan ne karenka na farko, ka manta da manyan karnukan waje irin su Boerboel da Rottweiler da Caucasian. Boerboel namiji yakan haura kilo 60, da wasa ma sai ya kayar da yaro. Caucasian kuwa karen duwatsu ne masu sanyi, gashinsa azaba ne a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri. Ƙanana irin Lhasa, yara kan ɗauke su kamar 'yar tsana, su kuma su yi cizo don tsoro. Ni dai biyu nake ba da shawara: Labrador ga mai kuɗin abinci da magani, ko karen gida namu, wanda ya saba da yanayinmu kuma sau da yawa kyauta ake bayar da kwikwiyonsa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne ranar ɗauko kwikwiyo. Kada ka saya a bakin titi wurin masu ɗaga su sama a cunkoson motoci. Ka je gidan da aka haife shi, ka ce sai ka ga uwar. Idan aka ce maka tana ɗaure a baya, ba ta son baƙi, ka yi sallama ka tafi, komai kyan kwikwiyon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwar da kake nema ita ce wadda za ta yi haushi sau biyu, ta zo ta sunsuna ƙafarka, ta koma ta kwanta.

Sai ka tambayi kwanan kwikwiyon. Ƙasa da mako 8 kada ka karɓa. A waɗannan makonnin ne yake koyon sassauta haƙori: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, ya gane ya wuce gona da iri. Wanda aka raba da uwa a mako 4 bai samu wannan karatu ba, kuma a hannun ɗanka zai yi gwaji.

Yanzu ka tsuguna, ka miƙa hannu, ka yi shiru. Akwai wanda zai rugo ya haye kanka yana cizon bakin wando yana ture 'yan'uwansa. Shi kowa ke so, kuma shi ne bai dace ba. Akwai wanda zai maƙale a lungu, wutsiya tsakanin ƙafafu, jiki na rawa. Kada tausayi ya ja ka, matsoracin kare yana cikin masu yawan cizon yara. Nemi na tsakiya, mai zuwa a natse yana kaɗa wutsiya. Ɗaga shi, taɓa kunnuwansa da tafin ƙafarsa, ja wutsiyar a hankali, domin duk wannan yaranka za su yi. Ya ɗan yi mutsu-mutsu ya haƙura, to. Saki makullanka a ƙasa: ya firgita ba laifi, muddin ya dawo ya sunsuna. A ƙarshe a zuba masa abinci ka matsar da kwanon. In ya sandare ya yi gurnani, kada ka ɗauke shi.

Ka je da yaro ɗaya, babba, ka ga yadda suka yi da juna. Dukansu kada ka kwasa, za su zaɓa maka mai kyan launi.

Kafin ku isa gida, ku biya wurin likitan dabbobi. Maganin tsutsar ciki, allurar parvo (cutar amai da gudawa mai kashe kwikwiyo), sannan ta haukar kare idan ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. Wannan kuɗin ba abin yi wa rowa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da hauka ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ko karenka ne ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

A gida, wurinsa tsakar gida ne, da inuwa da kwanonsa daban, nesa da wurin alwala da sallaya. Kada a ɗaure shi da sarƙa wuni guda a sake shi da dare kawai; haka ake mayar da kare mai sanyin hali ya zama mugu. Kafin ya kai wata 4, a bar shi ya saba da yaran maƙwabta da almajiran da ke shigowa da awaki da kaji. Yara kuma doka uku: ba jifa, ba taɓa shi yana ci, ba tayar da shi daga barci. Jariri mai rarrafe kuwa ba a barin sa shi kaɗai da kare, ko na shiga kicin a fito.