Auren Bahaushe da Bayarabiya: abin da za a daidaita kafin a ɗaura

Daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Sabon Garin Kano, wannan aure ba baƙon abu ba ne. Ma'auratan ba kasafai suke duban juna da idon ƙabila ba. Rigimar daga dangi take tasowa, domin kowane gida yana ganin al'adarsa ita ce tarbiyya.

A fara da maganar kaya. A ƙasar Hausa ango ke yin lefe da sadaki, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da gara. Yarbawa kuwa takarda suke miƙa wa dangin ango: doya, zuma, gishiri, goro, namijin goro da akwatin tufafi, kuma yawanci miji ne ke shirya gida. In ba a yi maganar ba, amarya za ta tare a ɗaki wayam, dangin miji su soma gori. A samu dattijo guda daga kowane ɓangare, a rubuta wa zai sayi me. A fayyace sadaki ma. Wasu gidajen sukan mayar da kuɗin aure don nuna ba sayar da 'yarsu suka yi ba, amma sadaki haƙƙin amarya ne, ita za a damƙa wa.

Sai gaisuwa, wadda mutane ke rainawa alhali ta fi komai ɓata zumunci. Ranar bikin gargajiya ana sa ran ango ya kwanta rub da ciki a gaban surukansa. In ba zai yi ba, ya faɗa tun da wuri a amince da tsugunawa, kada ya tsaya ƙerere a bainar jama'a. A kuma bayyana musu cewa ƙin cin abinci gaban suruki kunya ce, ba girman kai ba.

In dangin amarya sun nemi auren rajista, ango ya san abin da zai sa wa hannu. Ana liƙa sanarwa ta kwana 21, kuma mace ɗaya tak dokar ta yarda da ita. Ƙara aure a kanta laifi ne.

Haihuwar fari ma a yanke tun da ciki: wankan jego a gidan wa, sunaye nawa za a raɗa, tunda kakannin Yarbawa kowa da sunan da yake kawowa. Uwa ta riƙa yi wa yaro Yarbanci tun yana goye, uba ya yi masa Hausa, don ya iya gaida kakanninsa na kowane ɓangare da harshensu.