Yadda za ka mai da ajinka kasuwa in kana koyar da darasin kasuwanci

Malamai 'yan uwana masu koyar da darasin kasuwanci a sakandare, musamman mu na nan Zariya, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Yaron da ka sa a gaba kana ta rubuta masa ma'anar ciniki a allo yana kwafa yana hamma, wallahi da yawansu daga an tashi makaranta shagon babansu suke wucewa a Sabon Gari ko Tudun Wada, wata kuma ita ke riƙe wa mamanta kuɗin awara, ta san canji ta san bashi ta san wanda ba ya biya. Kenan ba ciniki ne ba su sani ba, sunayensa na boko da yadda ake rubuta shi ne ba su iya ba, kuma shi ne aikinmu. Ga yadda nake yi daga JSS 1 zuwa 3, masu SS ma zai yi musu in an ɗan ƙara nauyi.

Fara da musaya tun a makon farko. Yanka kwali ƙanana, kowane yaro ka rubuta masa abin da yake da shi da abin da yake nema, wannan yana da gero yana neman takalmi, mai takalmi kuma akuya yake so, mai akuya ga shi can gishiri yake nema. Ka ba su minti 10 su zagaya su yi canje. Za a yi hayaniya sosai, don haka ka sanar da malamin ajin kusa tun kafin. Yawanci kaɗan ne ke dacewa, sauran su dawo suna ƙorafi, to a nan sai ka raba musu murfin kwalbar lemo ka ce daga yanzu wannan ne kuɗi, a sake. Kafin minti 3 kowa ya sayar ya saya. Ba sai ka yi dogon bayanin amfanin kuɗi ba, su za su faɗa maka da bakinsu. Daga nan ka ba su labarin wuri da kakanni suka yi ciniki da shi, sai fam da sule, sai naira da ta shigo a 1973. Ka tambaye su yadda aka yi cefane a gidansu farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun kuɗi, da layin POS da transfa ɗin da ba ya shiga, za ka sha labari har sai ka tsayar da su.

Babban wasan dai shi ne kasuwar aji, kuma shi nake so ku fi mai da hankali a kai. Yana cin darasi biyu a jere, minti 40 ba ya isa, sai ka roƙi wani malami ku yi musayar lokaci. Mako ɗaya kafin nan ka sa yara su tara gwangwanin madara da kwalin ashana da kwalin sukari da ledar sabulu, duk wanda babu komai ciki. Kuɗin kuma takarda ce za ka yanka ka rubuta 50, 100, 200, 500 da 1,000. Raba ajin, gungu biyu 'yan sari, kamar shida masu tireda, sauran masu saye, sai dillali ɗaya ko biyu masu baki da za su riƙa haɗa ciniki suna karɓar la'ada. Kowane tireda ka ba shi jarin 5,000, a cikinsu a sami mai sayarwa, mai riƙe kuɗi da mai rubutu. Doka ɗaya ce ba sassauci, duk abin da ya shiga ko ya fita sai an rubuta, kuma sai an yanka rasit mai kwanan wata da sunan kaya da adadi da farashi. A bar su su yi tayi, a ce albarka, a ce na sallama, har gyara a nema, kamar dai a kasuwar Samaru.

Inda daɗin yake shi ne wajen tashi. Wata rana wani gungun 'yan mata sun sari sabulu 20 a kan 200, wato 4,000, suka sayar da 15 a kan 250. Da suka ƙirga kuɗin hannunsu sai suka ga 4,750, mai riƙe kuɗin har idonta ya kawo ruwa, ta ce Malam mun faɗi da 250. Ban ce mata komai ba, na nuna mata teburinsu kawai, ga sabulu 5 a zaune. Sai wata a cikinsu ta dafa kai ta ce ai wannan ma kuɗi ne, 1,000 kenan, ashe ribar 750 muka ci! Wannan yarinyar ko a jarabawar BECE ta kammala JSS 3 aka tambaye ta maganar ragowar kaya ba na jin za ta manta, alhali na shekara ina rubuta shi a allo ba ya zama.

In sun saba, sai ka shigo da katin ƙaddara. Ana tsakiyar ciniki ka buga tebur, kowane tireda ya zari kati ɗaya ido rufe. Wani katin ya ce mai ya tashi kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru da 300, abin da duk suka gani da idonsu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wani ya ce maƙwabci ya karɓi kayan 500 ya ce a rubuta masa. Wanda na fi so shi ne mai cewa maigida ya zari 500 a cikin ciniki ya yi cefane, saboda wannan ita ce cutar da ke cinye ƙananan shaguna a unguwanninmu, mutum ya kasa raba aljihunsa da na shago har ya wayi gari ya cinye uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Ka tsaya a nan ka daɗe, ka sa su rubuta shi a gurbinsa daban, kar su haɗa shi da kuɗin da aka kashe wa shago.

Debit da kiredit kuwa, wato ɓangaren hagu da na dama na asusu a littafin lissafin ciniki, da ƙafa nake koyar da shi. Zana babban harafin T a ƙasa da alli, uku ko huɗu, kowanne asusu ne, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kayan da aka saro, ɗaya na jari. Ka karanto ciniki, misali an sayi kayan 2,000 kuɗi hannu, yara biyu su ruga, ɗaya ya tsaya hagun asusun da ya karɓa, ɗaya daman wanda ya bayar. Wanda ya tsaya ba daidai ba gungunsu ya rasa maki. A waje ƙarƙashin bishiya ya fi.

Adashe ma wasa ne mai kyau in an zo maganar ajiya da banki. Mutum 10, a naɗa uwar adashe, a yi zubi a yi kwasa, sai ka raɗa wa ɗaya cewa in ya kwasa ya daina zubi, ka ga yadda rigima za ta kaure. Daga nan maganar amana da shaida da rubutu ta buɗe, har ka kai su ga bambancin bankin da ke ba da kuɗin ruwa da irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ba ruwa, don tambayar halal da haram sai ta taso, ka shirya mata.

Aikin gida kuma, kowa ya zauna da wani mai sana'a a gidansu ko layinsu ya lissafo abin da ake kashewa. In awara ce a sa waken suya, niƙa, mai, gawayi ko itace, yaji, leda, a cire daga ciniki a ga me ya rage. Ka gargaɗe su su gaishe da mutane su nemi izini, ba kowa ke son a san cinikinsa ba, kuma kar a kawo sunan kowa aji.

Don Allah kar ka yarda kuɗin gaske ya shiga wasan nan. Na taɓa bari sau ɗaya, 200 ta ɓace, washegari sai ga uba a ofishin firinsifal, ban ji daɗin ranar ba ko kaɗan. Takardun naka ma ka sa musu hannu a baya da jan biro, in ba haka ba kafin mako ya zagayo wani ya buga nasa a gida ya zo ya saye kasuwar. In an tashi a ƙirga su a gabanka, a ɗaure da roba a zuba a ambulan, gwangwanayen kuma a kwali ɗaya a ajiye ofis, za su kai ka har zango na uku.