Yadda ake wankewa da shafa wa matatar iskar babur ɗin daji mai

Babur ɗin da ake hawa a daji, kan yashi da turɓaya, yana shaƙar ƙura fiye da na kwalta, kuma abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin injin shi ne soson matatar iska. Soson kansa ba ya tare ƙura mai laushi. Man da aka shafa masa ne ke kama ta. Idan soson ya bushe ko ya yage, ƙurar za ta wuce ta riƙa cin zobban fistan da bangon silinda, a injin mai bawul kuma ta cinye bakin bawul ɗin shigar iska har babur ya fara wahalar tashi. Wannan bayani na matatar soso ne kawai, domin ta takarda ba a wanke ta, sauya ta ake yi.

Da farko a cire kujera ko murfin gefe, a goge dattin da ke kewaye da matatar, sannan a kwance ƙusar da ke riƙe ta a zaro ta a hankali don kada wani abu ya faɗa cikin bututun da ke kai iska injin. Nan take a toshe bakin bututun da tsaftataccen ƙyalle, a share cikin akwatin iskar, wato inda matatar ke zama, sannan a raba soson da firam ɗinsa.

Wankin kashi biyu ne. Na farko shi ne narkar da tsohon man da ruwan wankin da aka yi musamman don matatar soso. A nan ne mutane da yawa ke ɗauko fetur saboda yana aiki da sauri, amma a ganina wannan ganganci ne, domin fetur yana lalata gam ɗin da ya haɗa sassan soson, yana sa soson ruɓewa, ga kuma haɗarin gobara. Akwai man matata da aka yi da tsirrai, irin na kamfanin No-Toil, wanda ke fita da ruwa da garin wankinsa na musamman. Duk wanda ya zaɓi wani nau'in mai, to ya yi amfani da abin wankin da ya dace da shi. Na biyu shi ne wanki da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana sauya ruwan har sai an daina ganin yashi a gindin bokiti. A duk wannan aiki matsa soson ake yi tsakanin tafukan hannu, ba a murɗa shi kamar wanki, saboda murɗawa tana yaga shi a wuraren haɗi.

Bayan ɗauraya sai a bar shi ya bushe sarai a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba kusa da wuta ba, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso. Kafin a ci gaba a ɗaga shi wajen haske a duba ko akwai huda ko inda gam ya saki. Idan an samu, ko soson ya fara marmashewa, a sauya shi.

Shafa mai ne ya fi buƙatar natsuwa. A yi amfani da man matatar soso, irin na Motul ko Maxima ko Twin Air, saboda yana da danƙo. Baƙin mai ba shi da wannan danƙo, yakan tsiyaye ƙasa ya bar saman soson a bushe. A sa safar hannu, a zuba man ciki da waje, a yi ta matsawa har launinsa ya game ko'ina, musamman wajen haɗi da gefen baki, domin duk inda ya rage fari to ƙofa ce ga ƙura. Daga nan a matse rarar, a danna da takardar goge hannu. Idan man ya yi yawa iska ba za ta wuce yadda ya kamata ba, fetur ya rinjaye ta, fulogi ya yi baƙi. A ajiye soson na ɗan lokaci, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, har sinadarin da ke tsinka man ya tashi ya bar danƙo.

A mayar da soson kan firam, a shafa giris kaɗan a bakin da zai manne da akwatin, sannan a cire ƙyallen da aka toshe bututun da shi, kada a manta. A zaunar da matatar daidai, a ɗaure ƙusar, a bi gefenta da yatsa ana dubawa da tocila, domin ko ɗan gefe guda ne bai zauna ba, ta nan ƙurar za ta shige. A ranar ƙura mai yawa a maimaita aikin bayan kowace fita, shi ya sa ya fi sauƙi a mallaki soso biyu, ɗaya na kan babur, ɗaya a shafe da mai cikin leda yana jira.