Darasi: Zaɓen ƙaramin tabalet mai sauƙin kuɗi don karatu da kallo

Tabalet na'ura ce mai kama da salula, sai dai fuskarta ta fi faɗi. Wanda ya fara koyon karatu da girma, ko idonsa ya fara rauni, yakan sha wahala da ƙananan baƙaƙen salula. A tabalet ana buɗe littafi ko Alƙur'ani shafi guda cif, a ƙara girman rubutu yadda ido ke so, a kuma kalli wa'azi ko fim tare da iyali. Wanda zai saya don waɗannan ayyuka biyu ba ya buƙatar mai tsada. Abin da zai sa wa ido shi ne fuska, batir da wurin ajiya, kuma ya gwada su da hannunsa kafin kuɗi su bar aljihu.

Girma da fuska

Ana auna fuska da inci, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Inci 7 ya kai kusan santimita 18, inci 8 kusan 20, inci 10 kuma 25 da ɗoriya. Don karatu, inci 8 ya fi dacewa. Nauyinsa gram 300 ne da ƴan kai, ana riƙe shi da hannu ɗaya, yana shiga aljihun babbar riga ko jakar mata. Mai inci 10 ya fi daɗin kallo, amma ya kusa rabin kilo, kuma bayan rabin awa a kwance hannu zai gaya muku.

A jikin kwali za ku ga lambobi biyu da alamar sau a tsakaninsu, kamar 1280 x 800. Yawan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto ke nan. Idan sun yi kaɗan, gefen baƙaƙe yakan yi kaushi, wasulan rubutun Larabci su cakuɗe, ido ya gaji da wuri. A inci 8, kada ku sauka ƙasa da 1280 x 800. Mafi yawan masu arha sosai 1024 x 600 ne: yaro zai kalli zane da su, amma ba na mai karatu ba ne.

Ku nemi haruffa uku, IPS, alamar fuskar da launinta ba ya dushewa idan an kalle ta daga gefe. Ko ba a rubuta ba, gwajin mai sauƙi ne. Ku buɗe hoto, ku karkata tabalet hagu da dama, sama da ƙasa. Idan launi ya dushe ko fuskar mutum ta koma baƙi-baƙi, ku ajiye. Da irin wannan, wanda ke zaune a gefen tabarma ba zai ga komai ba. Sannan ku ƙure haske, ku fito bakin shago. Ranar Damagaram ba ta wasa, kuma fuskar da ta yi kyau a cikin inuwar rumfa tana iya ɓacewa a tsakar gida.

Giga iri biyu

Nan ne ake yawan ruɗa mai saye. Akwai RAM, wato wurin da na'ura ke aiki nan take, kamar faifan da mace ke tankaɗe a kai. Akwai kuma wurin ajiya, kamar rumbu. Duka biyun da giga ake lissafa su. RAM mai giga 2 zai buɗe littafi, amma yana nawa idan an buɗe abubuwa biyu ko uku. Giga 3 ko 4 ya wadatar. Idan kun ga an rubuta 4+4, na farkon kaɗai ne na gaskiya; na biyun aro ne daga rumbu, kuma ba ya da saurin na farko.

Rumbu kada ya gaza giga 32. Daga ciki, manhajar Android da abubuwan da suka zo da ita sukan cinye kusan 10, ya rage kamar 22. Littattafai ba su da ci, ɗaruruwa za su shiga giga ɗaya. Bidiyo ne mai haɗama: fim guda mai matsakaicin kyau yakan ci rabin giga zuwa giga ɗaya. Saboda haka ku duba gefe ko akwai ramin katin memori, don a kai muku wa masu tura finafinai da karatu su cika, ba tare da kun ƙona kuɗin intanet ba.

Tabalet marar suna da aka rubuta wa giga 512, kuma kuɗinsa bai kai na ƙaramar salula ba, jabu ne. Ana gyara shi ya nuna lambar ƙarya har a cikin saiti. Alamar tana fitowa daga baya: a tura bidiyo ashirin, rabi su ƙi buɗewa.

Batir da caji

Ana rubuta ƙarfin batir da mAh. A inci 8, ku nemi 5000 ko kusa da haka. Inda kuran ke ɗaukewa, ko ƙauyen da sai an kai caji wurin mai sola, wannan lamba ta fi kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba. Ku cire caja, ku sa haske tsaka-tsaki, ku kunna bidiyo minti goma. Batir mai lafiya zai sauka da kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Idan ya zubar da 8 ko 10, ya gaji.

Bakin caji iri biyu ne. USB-C yana shiga ta kowace fuska, ya fi ƙarko. Tsohon, mai gefe ɗaya a shafe, yakan saki idan yara suna cusa shi a juye. Ku kuma dubi kan caja: kayan da suka biyo ta Kano sau da yawa suna zuwa da ƙafa uku masu kusurwa, soket ɗinmu kuwa na ƙafa biyu ne masu zagaye, sai an haɗa da mahaɗi.

Mai sim ko marar sim

Wani tabalet yana ɗaukar sim, wanda ake cewa pus, wani kuwa sai wifi. Marar sim ya fi arha, kuma wanda ke da salula mai intanet zai iya raba masa rezo daga gare ta. Idan mai sim kuka zaɓa, ku tabbata 4G ne, ku sa layinku na Airtel, Moov ko Zamani a nan gaban mai shago, ku ga ya kama.

Kafin ku biya

Farashi yana motsi da canjin naira da halin iyaka, don haka ku tambayi shago uku a Kasuwar Dole ko cikin gari kafin ku yanke. Samsung, Lenovo, Tecno da Itel suna da masu gyara da kayan canji a kusa. Fuskar marar suna idan ta fashe, da wuya a samu irinta. Tabalet ɗin Amazon da ake kira Fire yana da arha, amma ba ya zuwa da Play Store, wurin da ake sauke manhajoji, sa masa manhajojin da kuka saba sai da gwani.

Ku buɗe Play Store ku ga yana aiki. Ku ja yatsa a kowane lungu na fuska, ko akwai inda ba ya ji. Ku ƙure murya ku saurara ko tana karkarwa. Ku sa a ɗora muku allon rubutu na Gboard, a zaɓi Hausa, ku rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Na hannu yana da tarko guda. Idan tsohon mai shi bai cire asusunsa na Google ba aka goge na'urar, za ta kulle tana neman kalmar sirrinsa. Mai sayarwa ya cire asusun, ya goge, ya sake kunnawa a gabanku har ya kai shafin farko. Ku ɗora shi a kan tebur: idan baya ya kumbura ko gilashi ya ɗago a gefe, batir ya lalace, kuma yana iya kamawa da wuta. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan na'ura, kwanan wata da kwanakin da aka yarda a mayar. Ku ware jika ɗaya ko biyu daga kuɗin don riga da gilashin kariya.

A gida, zafi ne babban abokin gaba. Masu ƙera waɗannan na'urori sukan ce a yi aiki da su ƙasa da digiri 35, Damagaram kuwa a watan Afrilu da Mayu takan haura 40. Kada a yi caji a rana, ko ƙarƙashin matashi, ko ana kallo ana caji da tsakar rana. Da hunturu ƙura takan toshe bakin caji har a ɗauka caja ce ta mutu. Ku kashe tabalet, ku share ramin a hankali da tsinken sakace busasshe, ba da allura ba.