Yadda Za Ka Zaɓi Akori-kura Matsakaiciya Don Iyali Da Ɗan Kaya

1. Fara da ƙirga mutanen gidanka. In da yara, nemi mai ƙofa huɗu, irin Toyota Hilux ko Ford Ranger. Sai dai wurin kayanta gajere ne, kusan mita 1.5.

2. Duba nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka. Adadin ya haɗa har da fasinjoji, ba kaya kaɗai ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

3. In kwalta kake bi kullum, mai jan taya huɗu ƙarin kuɗi ne da shan mai kawai.

4. Gwada ta ba kaya, kana zaune a kujerar baya. Wata tana tsalle a gargada har yara su gaji.

5. Ta hannu ce? Bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya duba tsatsa.